Lakar da Yashi Ya Shanye

Yayana mai haƙar rijiya ne, kamar yadda mahaifinmu ya kasance. A Fakuwa aka haife mu, kuma tun muna yara kowa ya san shi zai gaji sana'ar, ba ni ba. Ya girme ni da shekara tara. Mutum ne marar yawan magana, mai faɗin kafaɗa, wanda in ya damƙi ƙasa ya murza a tafin hannu zai gaya maka abin da za ka tarar a ƙarƙashinta. Ni na yi makaranta kaɗan na bari. Na riƙe mashi igiya na 'yan shekaru, amma raina bai taɓa kwanciya da rami ba. Da na yi aure sai na shiga tafiya ci-rani, in an gama girbi in tafi birni, in dawo kafin ruwa ya sauka.

A wata shekara na samu aikin lebura wurin wasu masu shimfiɗa bututun ruwa. Akwai inda bututun zai tsallaka wani babban titi, kuma an hana su fasa kwalta. Sai suka kawo injin da ke tura ƙarfe mai haƙora a kwance, yana huda ƙasa ta ƙarƙashin titin, motoci suna wucewa a sama ba su san ana yi ba. Ƙasar wurin rairayi ce zalla. Na tsaya ina mamaki, domin a gidanmu abu na farko da ake koya wa yaro shi ne rairayi ba ya riƙe rami. Ka haƙa taƙi ɗaya, ya zubo maka biyu.

Aikina shi ne damu. Ana kawo buhunan wata laka mai laushi kamar garin alkama, mu zuba a tanki mu dama da ruwa har ta yi kauri. Mu leburori kunu muke ce mata. Famfo ke tura kunun cikin ramin, ramin ya kasance a cike da shi koyaushe. Mai kula da mu wani dattijo ne da ya tsufa a aikin, muna ce mashi Baba. Da ya ga ina yawan leƙe da tambaya, wata rana muna cin abinci sai ya ɗebi rairayi a hannu ya ce mani:

"Ka ga wannan? Rariya ce. In kunu ya matse shi, ruwan ya wuce, lakar ta maƙale tsakanin ƙwayoyin. Ta shiga kamar gaɓar yatsa ɗaya ko biyu, sai ta toshe ƙofofin ta yi fata. Daga nan ba abin da ke wucewa. Sai nauyin kunun ya jingina da fatar, ya tokare bangon."

Ya ƙara da cewa ba fatar ce ke riƙe ramin ba, kunun da ke danne ta ne. Na ji wannan da kunnena, ba zan ce ban ji ba. Amma abin da ya zauna mani a rai shi ne fatar, saboda ita na gani da ido. Ranar da aka tone ramin da ƙarfen zai ɓullo, na ɓanɓaro wani yanki na riƙe. Toka-toka ne, sumul ta ciki kamar an yi mashi yaɓe, ta baya kuma rairayi ya manne a jikinsa ƙam. Na juya shi a hannu ina tunanin mahaifinmu, da rijiyoyin da ya bari ba a gama ba saboda rairayi.

Akwai kuma ranar da kunun tankin ya riƙa sauka fiye da yadda aka saba. Muna zubawa yana tafiya. Baba ya leƙa sau biyu, ya ɗaga hannu aka kashe injin. Ya ce an shiga yashi mai manyan ƙwaya, ƙofofinsa sun fi ƙarfin lakar, wucewa kawai take yi ba ta maƙalewa. Kwana biyu aka yi ana ƙara kauri, ana zuba wani abu kamar ƙaiƙayi, kafin ya yarda a tayar da injin. Ya ce mana:

"In kunu ya sauka ya tsaya, ya kama. In yana sauka bai tsaya ba, kada ka amince da ramin."

Na dawo gida cikin bazara, zafi ya kai inda ya kai. Na tarar yayana ba ya gida, yana wata unguwa kusa da Ƙofa, a ƙasar Kusada, inda aka kira shi ya haƙa sabuwar rijiya. Tsohuwar tasu ta ƙafe. Matan unguwar sai sun yi tafiya mai nisa zuwa rafi, su tone rairayi su jira ruwa ya taru kaɗan-kaɗan, su ɗiba da ƙoƙo. Bayan kwana biyu na hau babur na bi shi, don in gaishe shi in kuma kama mashi aiki.

Na same shi zaune a gindin bishiyar bedi, aiki ya tsaya. Ya wuce jangargari, ya fasa marmara, ya kai gaba takwas, sai ya faɗa rairayi mai danshi. Ruwa yana kusa, shi da kansa ya ce bai fi gaba biyu ba. Amma duk abin da ya kwashe, bango ya zubo ya mayar. A irin wannan wuri kwalbati ake saukarwa, zoben siminti, mutum ya shiga ciki yana haƙa zoben yana nutsewa da shi. Sai dai ƙarfen da ake zuba kwalbatin a ciki yana can wajen garin Boko ana wani aiki da shi, kuma ko ya zo, sai an zuba an jira ya bushe. Wata guda ke nan, in an yi sa'a.

Da yamma na ba shi labarin abin da na gani a birni. Ya saurara bai katse ni ba. Na ce muna da yumɓu a kududdufi, irin wanda mata ke ginin tukwane da shi. In muka jiƙa shi muka tace muka dama, muka cika gindin rijiyar, za mu iya tsayawa a sama mu riƙa kwaso rairayin ta cikin kunun. In mun kai ruwa, mu bar shi ya kwana biyu ya yi fata, mu kwashe kunun, mutane su samu na sha kafin kwalbati ya zo.

Can ya ce:

"Su can, da suka gama, sun kwashe kunun sun shiga?"

Na ce bututu suka zura, ba wanda ya shiga.

"To ka gani," in ji shi.

Ban bar maganar ba. Washegari na samu tsohon bokiti na huda gindinsa, na cika shi da rairayin da aka fito da shi daga rijiyar, na yi rami a tsakiya na zuba kunun yumɓu. Da safe na tsiyaye, na yanka da wuƙa. Ga fata nan, ta shiga kamar gaɓar yatsa, ramin yana tsaye. Yayana ya tsuguna ya taɓa, ya danna da babban yatsa. Na ga abin ya ba shi sha'awa, ko da yake bai faɗa ba. Abin da ban yi tunani a kai ba shi ne, rairayin da na gwada na saman ne, mai laushi. Ba wanda ya san abin da ke ƙasa da shi.

Muna tsugune sai ga mai unguwa da dattawa biyu, sun zo jin inda aka kwana. Mai unguwa mutumin kirki ne, amma ƙishirwar jama'arsa ta dame shi, kullum mata suna ƙofar gidansa. Ya tambayi yayana ko babu wata dabara. Kafin yayana ya buɗe baki, ni na amsa. Na ɗauko bokitin na nuna masu, na ba su labarin titi da motoci, na ce cikin kwana biyar za su sha ruwa in Allah ya yarda. A gidanmu ƙane ba ya shiga gaban wansa a maganar sana'a, balle a gaban baƙi. Na sani, na kuma yi. Shekaru na yi ana kirana ƙanen mai rijiya, ranar nan na ga dama ta zo da ni ma za a ce na san wani abu.

Mai unguwa ya juya ga yayana, fuskarsa ta saki.

"Malam, mi ka gani?"

Yayana ya dubi bokitin, ya dube ni.

"Sauri kan haifi nawa, ranka ya daɗe. Amma a gwada."

Unguwar gaba ɗaya ta tashi. Maza suka sari yumɓu a kududdufi, mata suka daka suka tankaɗe. Ruwa shi ne wahala. Amalanken shanu biyu suka riƙa zuwa wani tafki mai nisa da duromi, kuma da bai isa ba, gidaje suka kawo daga abin da suka tanada a randuna. Na ga wata tsohuwa ta kawo rabin tulu ta juye a ramin damu, ta tsaya tana kallon yadda ruwanta ya zama taɓo. Sai ta ɗauki tulunta ta tafi.

Yayana ya gitta katako mai kauri a inda marmara ta ƙare, muka riƙa saukar da kunun da guga har ya cika sashen rairayin ya taɓo katakon. Sai mu tsaya a kan katakon, ɗaya bayan ɗaya, da gwangwani ɗaure a bakin doguwar gora, muna kwaso rairayi daga ƙasa. Abin ya yi aiki. Bango bai zubo ba. Ranar farko muka sauka kamu biyu, mutane suna leƙowa suna sa albarka. Na kwana ina jin kaina kamar wani injiniya.

Da safe na sauka na tarar kunun ya ragu da kamar taƙi ɗaya. Na ce ƙasa ce ke shan rabonta, haka yake yi da farko. Muka ƙara. Ranar nan muka ci gaba, sai na lura abin da gwangwani ke kawowa ya canza. Ba rairayi mai laushi ba ne kuma, yashi ne mai manyan ƙwaya, har da 'yar tsakuwa. Yayana ya murza ya ce alamar ruwa ce, mun kusa. Ni kuwa na san inda na taɓa jin labarin irin wannan yashi.

Safiya ta uku kunun ya sauka kamu guda cur. Na tsaya a kan katakon ni kaɗai, ina kallon layin da ya bari a bango. Maganar Baba ta dawo mani kamar yana tsaye a bayana. Na san abin da ya kamata: in hau sama in ce a tsaya, a jira kwalbati. Amma sai na tuna tsohuwar nan da tulunta, da shanun da suka yi ta jigila cikin rana, da yadda na cika baki a gaban mai unguwa. Na ce wa kaina yumɓunmu bai kai nasu laushi ba, shi ya sa yake jinkirin kamawa. Da na fito aka tambaye ni, na ce lafiya lau, a ƙara kauri kawai.

Muka ƙara kauri. Muka bar shi kwana biyu. Bai daina sauka ba, sai dai ya rage gudu, kuma na riƙe wannan ragin na mai da shi hujja.

Ranar Talata da hantsi muka fara kwashewa. Guga yana sauka yana hawa, kunun yana ja da baya, bango yana bayyana. Ban taɓa ganin rijiya mai kyan ciki irin wannan ba. Sumul, tana sheƙi, kamar ɗakin amarya da aka yi wa yaɓe. Waɗanda suka leƙa suka riƙa kiran wasu su zo su gani. Kallon kitse muke yi wa rogo. Da aka kai ƙasa, saura taɓo da za a kwashe da hannu don ruwa ya samu hanya, sai na ɗauki igiya na fara ɗaurawa a ƙuguna. Yayana ya karɓe ta.

"Yaya, bari in shiga. Dabarata ce."

"Rijiyata ce," in ji shi. "Kai riƙe igiya."

Ya yi bisimilla ya sauka. Na ji ƙafarsa ta taka katakon, sannan ya zarce ƙasa. Guga uku ya aiko na taɓo. A na huɗu ya ɗago murya ya ce ruwa ya fara tsattsafowa, mutane suka yi hamdala. Ban gama juye gugan ba na ji wani sauti, ba mai ƙarfi ba, kamar an kwance bakin buhun gero an bar shi yana zuba. Sai wani abu mai nauyi ya faɗi. Igiyar da ke hannuna ta fizge ni har na durƙusa.

Na leƙa. Da idona ya saba da duhun, na ga katakon ya karkace, gefe ɗaya na bangon babu shi, ya zama kogo. Yayana yana nan, yashi ya binne shi har ƙirji, hannu ɗaya a waje. Na kira shi. Ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Kada kowa ya ja igiya. Ku matsa daga baki."

Mutane sun riga sun kama igiyar za su ja, sai da na faɗa a kanta na hana. In aka ja mutum daga cikin yashi haka, ƙugunsa ake rabawa. Mata suka fara salati. Mai unguwa ya kore kowa baya, ya tsaya yana tambayata abin da za a yi. Ni da na yi kwana biyar ina ba da umarni, ban san ko ɗaya ba. Yayana ne, daga can ƙasa, ya faɗi abin yi. Ya ce a samo durom a fasa gindinsa da bakinsa, a saukar a kifa a kansa, don in sauran bangon ya zubo kada ya rufe mashi fuska.

Aka ruga aka kira maƙeri. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka yana saran ƙarfen nan ba, amma kowane bugu a cikin kaina yake sauka. Ina kwance rub da ciki a bakin rijiyar ina yi wa yayana magana don kada ya yi shiru. Wani lokaci ya amsa, wani lokaci sai in ji yana karatu a hankali.

Da aka gama, aka saukar da ni tukuna, sannan durom ɗin. Na tsaya a kan ragowar katakon na daidaita durom ɗin har ya kewaye yayana, na danna ya nutse. Sannan na sunkuya ciki da kwanon sha, ina ɗebe yashi daga ƙirjinsa ina zubawa a guga. Wurin ba ya ɗaukar shebur. Fuskarsa ta yi toka, numfashinsa gajere, domin duk sanda ya fitar da iska yashin sai ya ƙara matse shi.

"Kada ka jingina da bango," in ji shi. "Ɗebi ta bayana tukuna."

A nan, ina ɗiba, na ga abin da na yi. Ɓallin fatar yana ko'ina cikin yashin, siriri kamar ɓawon ƙwai, ina taɓawa yana narkewa. A saman, inda rairayi mai laushi yake, ta ɗan yi kauri. Amma a ƙasa, cikin kogon da ya buɗe, na ga lakar ta bi tsakanin tsakuwa ta yi nisa, zane-zane toka-toka har inda idona ya kai, ba ta toshe komai ba. Duk yumɓun da mata suka daka, duk ruwan randunan mutane, can ya tafi. Abin da ke tokare da bangon kunun ne, mu kuma muka kwashe shi da hannunmu. Ruwan da muke nema shi ya taru a bayan fatar ya turo ta.

Da na kai ƙugunsa na tarar ba yashi kaɗai ba ne. Da bangon ya zube, wani gutsuren marmara da ya rasa abin zama ya ɓalle ya faɗo mashi a kwatangwalo. Na sa kafaɗa na ɗaga shi kaɗan, ya yi wani nishi da ban taɓa ji daga bakinsa ba.

"Ƙafar hagu ba na jin ta," ya ce. "Ci gaba."

Ruwa yana tasowa a hankali, ya kai mashi cinya, yana sa yashin da na ɗebe yana komawa. Farcena biyu suka cire ban sani ba sai daga baya. An yi kiran azahar muna ciki. Sai gab da la'asar na zare ƙafarsa ta biyu, na ɗaura mashi igiya a ƙarƙashin hammata da zani don kada ta yanke shi, aka ja shi sama a hankali. Ni aka fito da ni bayansa. Ban kai ga zama ba na ji sauran bangon ya rufta a kan durom ɗin.

A motar wani ɗan kasuwa aka kai shi asibiti a Kankia, daga nan aka tura mu Katsina. Ƙashin kwatangwalo ya karye, kuma jijiyar ƙafar ta taɓu. Ya yi wata biyu a kwance. Ruwa ya sauka muna can, ni na dawo na shuka gonarsa da tawa. Da aka sallame shi ya dawo da sanda, ƙafar hagun tana jan ƙasa. Likita ya ce zai yi tafiya, amma maganar shiga rami ta ƙare.

Ba wanda ya zage ni. Mutane suka ce ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mai unguwa ya zo gaisuwa har Fakuwa, ya riƙe hannuna yana gode mani da na shiga na tono ɗan'uwana. Na so ƙasa ta tsage. Mutum ɗaya ce ta nuna mani wani abu, ita ma ba da baki ba. Matar yayana tun da aka kawo ta gidanmu take tsokanata, irin wasan matar wa da ƙanen miji. In na shigo ta ce ga ragon birni ya dawo, in ce tuwonta ya yi gishiri. Bayan abin nan sai ta koma gaishe ni da ladabi, ta durƙusa ta ajiye mani abinci kamar baƙo, ta tashi. Ba ta taɓa ɗaga mani murya ba. Da ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Na riƙe maganar a cikina har kaka. Ba na cin abinci sosai, in na ji an zazzage hatsi daga buhu sai in tashi in bar wurin. Ranar da muke yankan geron gonarsa, ya sa aka kawo shi a amalanke, ya zauna a inuwar gawo yana gyara igiyar ɗaurin dami. Da rana ta take, masu taya mu suka tafi sallah, na zo na zauna kusa da shi. Na ce ina da magana. Na gaya mashi duka: abin da Baba ya ce game da yashi mai manyan ƙwaya, da kunun da ke sauka bai tsaya ba, da safiyar da na tsaya a kan katako na ga layin a bango na fito na ce lafiya lau.

Bai ɗago ba, yana ta murza igiyarsa a cinya.

"Ka ɗauka ban gani ba?" ya ce. "Kullum da asuba kafin ka tashi sai na sauka. Har alama na yi da gawayi."

Can na tambaye shi mi ya sa bai hana ba, mi ya sa ya shiga.

"Ka yi magana gaban mutane. In na ce a tsaya bayan sun zuba ruwansu, ko a ce ƙanena maƙaryaci ne, ko a ce ina baƙin ciki da abin da ka sano. Ban so ko ɗaya ba." Ya ƙulla bakin igiyar. "Kuma ni ma na so ta yi. Shekara talatin rairayi yana korata. Na ce ko wannan karon."

"Yaya, ka yafe mani."

"Na yafe tun ina cikin ramin. Amma kada ka ɗauke duka, ba naka ba ne kai kaɗai. Kai ka san abin da tsohon nan ya gaya maka, ni na san abin da mahaifinmu ya gaya mana. Kowa ya riƙe nasa." Ya miƙo mani igiyar. "Tahi ka ɗaure, rana na yi."

Na tashi na tafi ɗauri. Na yi tsammanin in na faɗa zan ji sauƙi, amma sai na ji wani nauyi dabam. A da ina ganin na yaudare shi ne. Yanzu na san ya shiga ramin ido buɗe, kuma rabin dalilin don kada in ji kunya ne.

Rijiyar ba a bar ta ba. Bayan damina aka kawo kwalbati, wani mahaƙi daga wajen Kusada ya kwashe abin da ya rufta ya saukar da zobba, ya samu ruwa a daidai inda yayana ya ce. An ce sai da aka yi makonni ana kwarfewa kafin ruwan ya daina fitowa fari-fari da yumɓu. Har yau suna sha. Ban sake taka unguwar ba.

Ci-rani ma na daina, domin gona biyu ba ta barin mutum ya yi nisa. Yayana har yanzu ana zuwa neman shawararsa. In za a haƙa rijiya a ƙauyukan nan, ni ke ɗaukarsa a babur, ya sauka da sandarsa ya zagaya, ya nuna wuri. Wani lokaci ya zauna a bakin ramin, a riƙa miƙo mashi ƙasar kowace gaba yana murzawa, yana gaya wa na ciki inda zai sassauta. Ni nakan tsaya can nesa wurin babur har ya gama. A hanyar dawowa yakan riƙe kafaɗata in za mu shiga gargada, mu yi maganar taki ko ta farashin dawa. Matarsa tana gaishe ni kullum, da ladabi, shekara shida ke nan.